Kwana bakwai a Zanzibar: abin da ajans ta sayar mana da abin da muka tarar

Ɗiyar ƙanwata ce ta tsokano wannan magana. Ta turo mini tallar wata ajans ta tafiye-tafiye a WhatsApp, kwana bakwai a Zanzibar, jirgi da otal da abinci duk a kuɗi guda, ta ce: "Inna, ku da kuka je da Baba, abin ya ci kuɗinsa?" Na danna in ba ta amsa da murya, muryar ta ƙi fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, ta karanta, mai niyyar zuwa ma ya karanta.

Mun je ne a ƙarshen Agustan 2019, bayan sallar layya, cikin babban hutun lakwal, don lokacin ina koyarwa. Maigidana Malam, Allah ya jiƙan rai, bai daɗe da ajiye aiki a ma'aikatar noma ba. Kuɗin da ya tara don canza mota ya kwasa ya kai wa wata ajans a nan Yamai, ban ji labari ba sai da ya biya rabi. Na yi faɗa har na gaji. Ya bar ni na gama, sannan ya ce tsohuwar motar ai ba ta taɓa kwana da mu a daji ba.

In fara da inda ajans ɗin ta kyauta. Mai fasfon Nijar ba ya sauka kawai a buga masa biza a filin jirgin Tanzaniya, sai an nemi izini tun daga gida an jira amsa. Su suka bi wannan har ta fito, suka kuma matsa mana mu nemo karnen rigakafin shawara, wanda da mun manta. Mun tashi daga filin Diori Hamani da Ethiopian Airlines, muka canza jirgi a Adis Ababa, muka sauka filin Abeid Amani Karume na Zanzibar, direba na jiranmu da sunanmu a kan takarda. Agogonsu ya riga namu da awa biyu. Nan dai ba ni da ƙorafi.

Ƙorafina na farko teku ne. Tallar ta ce teku a bakin ƙofa. Da dare muka iso wani ƙaramin otal a gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen Jambiani, muka kwana muna jin ruwa yana dukan gaɓa. Ni da iyakar sanina kogin Isa ne da tafkin Tabalak, ban runtsa da kirki ba don ɗoki. Gari na wayewa na buɗe labule, sai farin rairayi shimfiɗe, ga kwale-kwale a kwance bisa ƙasa kamar shanu a makwanta, ruwan kuwa can nesa, wani siririn zare shuɗi. Malam ya yi zaman Abijan da ƙuruciya kamar samarin Adar da yawa, shekara da shekaru yana yi mini gorin ya san teku. Na ce: "Malam, ina tekun naka?" Ya gyara hula, ya ce ƙila ya je kasuwa.

Daga baya muka gane. Sau biyu a yini ruwan ke janyewa ya komo, wata ne ke jansa, kuma gaɓar gabas shimfiɗaɗɗiya ce marar zurfi, in ya janye sai ya yi nisa sosai. Wanda ke son ya shiga ruwa duk lokacin da ya ga dama, arewa zai nufa, Nungwi ko Kendwa. Wannan magana ce ta minti ɗaya, amma ba wanda ya faɗa mana ita a ajans, kuma ina zaton yarinyar da ta karɓi kuɗinmu ba ta taɓa taka tsibirin ba.

Sai dai abin da na ɗauka cuta, shi ya zame masa biki. In ruwa ya janye, matan ƙauyen ke shiga da ɗaurin zane suna noman wata ciyawar teku da suke kira mwani. Sukan kafa turaku, su ja igiya tsakani, su ɗaɗɗaura ƴan rassa, bayan makonni su girbe su shanya a sayar wa masu fitarwa waje, wasu kuma su yi sabulu da ita. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana faɗa da fari a gonakin gero da garaken albasa, ga shi yau gaban gonar da ba ta neman ban ruwa, ba taki, ba fartanya. Ya naɗe wando zuwa gwiwa ya bi su. Kwana uku a jere, da an sallame asuba sai ya duba ko ruwa ya tafi. Ya dawo yana lissafi a bayan takardar otal, yana ɓacin rai kan arahar da ake saye daga hannunsu, kamar ƴan uwansa ne na Tawa aka ƙwara.

Ƙorafi na biyu tafinta. An yi mana alkawarin jagora mai jin Faransanci, aka haɗa mu da wani yaro mai ladabi wanda Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Abin da ya cece mu Larabcin da ke cikin Swahili: habari labari ne, sabuni sabulu, kalamu alƙalami, asubuhi safiya, ga Alhamisi ga Ijumaa. Amma wannan kusancin ne kuma ya kā da mu. Mai kwale-kwalen da zai kai mu tsibirin Changuu ya ce mu zo "saa mbili", yaron ya ɗaga mana yatsu biyu, muka ce to, ƙarfe biyu. Ashe su daga fitowar rana suke ƙirga sa'a: ƙarfe bakwai na safe ita ce sa'a ɗaya, sa'a biyu kuwa takwas. Muka iso bayan azahar cikin kwalliya, mutumin ya daɗe da tafiya da kuɗin kafin alƙalaminmu. Washegari muka sake biya. Kunkurun da ke can sun cancanci gani, manya ne ƙwarai, asalinsu kyauta ce daga Seshel a 1919, amma awa guda ta isa.

Abincin otal kuwa an dafa shi ne don bakin Turawa, ba yaji ba ɗanɗano. Kuma "komai a ciki" da muka biya ashe har da giya, mu da ba ma sha, wato mun tallafa wa maƙwabtanmu na teburi. Da na sani da kwana da karin kumallo kawai muka biya. Abinci na gaskiya yana cikin gari, a lambun Forodhani bayan magariba: urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, da ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. A tambayi kuɗi kafin a kai baki. Malam ya ci wata dabbar ruwa mai hannu takwas, ni na ce a kai kasuwa.

Tsohon garin, Mji Mkongwe, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000, shekara goma sha uku kafin Agadas tamu. Lunguna ne masu ƙunci da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kiran salla ta ko'ina, mata cikin lulluɓi. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan. An kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, coci aka gina a wurin, aka shigar da mu wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa da mutum ba ya miƙewa sosai a ciki. Malam mai surutu bai ce uffan ba har muka koma mota.

In za a bar ni da abu ɗaya cikin tsarin ajans ɗin, gonar kayan ƙamshi zan riƙe. Shekara nawa ina jefa kanumfari a shayi da kunu ban san tohon fure ba ne, ana tsinke shi kafin ya buɗe a shanya a tabarma har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ce, masoro kuma yaɗo yake yi ya hau bishiya. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya maido fadarsa nan daga Maskat, shi ya yaɗa noman kanumfari, yau kuma mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake fitowa. Nan ma sai da na ja Malam da hannun riga, yana son ya san nisan da ake bari tsakanin itace da itace.

To, ɗiyata, ga amsarki. Ki je, amma ki sa su rubuta miki sunan otal da ɓangaren tsibirin da yake, ki ƙi "komai a ciki", ki guji Maris zuwa Mayu don lokacin babban ruwan samansu ne. A Oktoban 2024 kuma aka kafa wa baƙi inshorar dole ta dala 44, ki tambaya ko tana cikin kuɗin. In aka ba ki lokaci, ki nuna agogon hannunki a tabbatar.

Malam ya rasu a 2022. Bayan na fita takaba na sa yara su kwashe mini hotunan da ke cikin salularsa. Na Zanzibar sun fi ɗari biyu: ni a bakin ƙofar sassaƙa, ni da kunkuru, ni ina yamutsa fuska gaban farantinsa, sai igiyoyin mwani ta kowace kusurwa. Shi ke riƙe da wayar kullum, ni kuma ban taɓa cewa kawo in ɗauke ka ba. Wanda muke tare a ciki guda ɗaya ne tak, yaron nan jagora ya ɗauka a Forodhani, kuma ɗaukar hotonsa bai fi Faransancinsa ba. Na kai an wanke shi an sa a gilashi, yana falo. Rabin hular Malam ba ta fito ba.