Dandalin Kimiyya na Hsinchu: Me Ɗan Haya Yake Samu da Kuɗinsa?

Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da ke hannun mutanenmu ƙwaƙwalwar na'ura (wato cip) ta kamfanin MediaTek ce a cikinsu. Hedikwatar MediaTek kuwa tana cikin wani fili da ya haura hekta 600 a gefen garin Hsinchu, arewa maso yammacin Taiwan, tafiyar kamar rabin awa daga Taipei a jirgin ƙasa mai gudun tsiya. A nan ne kuma kamfanonin ƙwaƙwalwar na'ura irin su TSMC da UMC da Realtek suke da mazauninsu. Wannan fili shi ne Dandalin Kimiyya na Hsinchu, wanda aka yi wa doka a 1979 aka buɗe a Disambar 1980. Idan aka haɗa da rassansa na Zhunan da Longtan da Tongluo da Yilan da na harkar magunguna a Zhubei, kamfanonin da ke ciki sun wuce 500, ma'aikata kuma sun haura 150,000.

Abu na farko da mai son shiga zai sani: ba a sayar da fili. Gwamnati ce mai ƙasar, haya take bayarwa, wa'adinta ba ya wuce shekara 20 a zubi ɗaya, sai dai a sabunta. Wasu na ganin wannan naƙasu ne tunda ba za ka jinginar da filin a banki ba. A nawa ganin, yana cikin abubuwan da suka raya wurin. Ba wanda zai karɓi fuloti ya kewaye shi da katanga ya koma gida yana jiran ya yi tsada. Zaɓi biyu ne a gabanka: ko ka kama hayar ginin masana'anta da hukuma ta riga ta gina, da wuta da ruwa da magudanar ruwan datti a haɗe, ko ka karɓi fili ka yi naka ginin. Ƙaramin kamfani na farkon ya fi dacewa da shi, domin kuɗin da zai binne a siminti gara ya sa shi a injin.

Shiga ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Za ka rubuta tsarin jarinka: me za ka ƙera, wace fasaha ce taka ta kanka, nawa za ka riƙa kashewa a bincike, injiniyoyi nawa ne cikin ma'aikatanka, ruwa da wuta nawa za ka sha a rana, wane irin datti za ka fitar kuma yaya za ka yi da shi. Hukumar dandalin ta duba, sannan kwamitin tantancewa ya yanke hukunci. Wanda sana'arsa saye da sayarwa ce kawai ko haɗa kayan da wasu suka ƙera, ba nan ne wurinsa ba. Kuskuren da ya fi cutar da sabon shiga shi ne rage ƙiyasin ruwa da wuta don takarda ta yi kyau. Idan aiki ya kankama buƙata ta ninka, ƙarin kaso sai an sake nema, kuma a wurin da kowa ke takara a kan bututu ɗaya ba a rana ɗaya ake samunsa ba.

Inda dandalin ya ciri tuta shi ne abin da suke kira taga ɗaya. Rajistar kamfani, izinin gini, rajistar masana'anta, takardun shigo da kaya da fitar da su, izinin aikin ƙwararrun baƙi, binciken lafiyar ma'aikata da kare muhalli, duk hukumar dandalin ce ke yi, saboda doka ta miƙa mata ikon da a waje yake warwatse a ma'aikatu daban-daban. Akwai ofishin kwastan da bankuna da gidan waya a ciki. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A sana'ar da samfurin bana yake tsufa kafin baɗi, injin da ya yi wata uku a tashar jirgi yana jiran sa hannu ya riga ya ci ribar shekara. Ladan wannan hidima ɗan kaso ne na cinikin kamfani, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ban da kuɗin haya. Ya cancanci kuɗinsa.

Maganar haraji a taƙaice take. Hutun harajin riba na shekara 5 da ya jawo kamfanonin farko ya zama tarihi. Abin da ya rage, injin da ɗanyen kayan da ka shigo da su don aikinka ba a karɓar kuɗin fito a kansu, matuƙar abin da ka ƙera waje zai fita. Idan za ka sayar a cikin Taiwan sai ka biya. Sai dai littafin kayan nan yana son mai kula na musamman, don idan aka zo ƙidaya aka ga abin da ke sito bai yi daidai da na takarda ba, gibin a kanka yake.

Amma gini da rangwame ba su ne suka kawo jarin ba, mutane ne. Kafin a buɗe dandalin, cibiyar bincike ta ITRI tana nan kusa tun 1973. A 1976 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin RCA na Amurka, ta tura matasan injiniyoyi suka koyo ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, suka dawo suka kafa masana'antar gwaji. Daga cikin ITRI UMC ya fito a 1980, TSMC kuma a 1987 ƙarƙashin Morris Chang, da jarin gwamnati da na Philips. MediaTek daga UMC ya ɓalle a 1997. Jami'o'in Tsing Hua da Chiao Tung (wadda yanzu ake kira Yang Ming Chiao Tung) suna dab da dandalin. An ma gina makaranta mai koyarwa da Sinanci da Turanci a 1983, domin injiniyan da ke Kalifoniya ba zai dawo gida ba idan bai san inda 'ya'yansa za su yi karatu ba. Amfanin wannan ga ɗan haya a fili yake: mai zana ƙwaƙwalwa, mai ƙera ta, mai gwada ta, mai kawo iskar gas da sinadarai, mai gyaran injin, duk tafiyar mintuna ce tsakaninsu.

Rauninsa mafi girma ruwa ne. Faifan silikon, wanda a kansa ake ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, yana shafe wata biyu zuwa uku a layin aiki, ana wanke shi sau da yawa da ruwan da aka tace har babu ko ɗigon gishiri a ciki. Madatsun Baoshan guda biyu ne ginshiƙin ruwan wurin, su kuma da ruwan guguwar bazara suke cika. A 2020 babu guguwa ko ɗaya da ta sauka a tsibirin, abin da ba a gani ba cikin shekara 56. Zuwa farkon 2021 madatsun sun kusa ƙafewa, aka umarci kamfanoni su rage sha, manya suka koma hayar tankokin ruwa, aka kuma tsayar da ban-ruwa a dubban hektocin gonakin shinkafa aka biya manoma diyya. Manya suna da injin sake tace ruwa da kuɗin tanki. Ƙaramin ɗan haya da bai tanadi rumbun ajiya ba shi ne ya fi jin jiki. Wuta ma haka: ba sai an ɗauke ta ba, ƙarfinta ya ɗan yi ƙasa na ƙiftawar ido ya isa ya tsayar da injin ya lalata abin da ke ciki. Batirin tsaro da janareta dole ne su shiga lissafi tun farko. Girgizar ƙasar 21 ga Satumba 1999 ta nuna haka, lokacin da rashin wuta ya tsayar da masana'antun na kwanaki har farashin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya tashi a duniya.

Fili kuma ya ƙare, kuma neman ƙari yana da zafi. A 2010 a ƙauyen Dapu, motocin rusau sun shiga gonakin shinkafar da ta kusa nuna don faɗaɗa reshen Zhunan, abin da ya bar tabo har yau. A 2023 TSMC ya janye daga shirin gina masana'anta a faɗaɗawar Longtan bayan mazauna sun ƙi a karɓe musu gidaje. Ga cunkoson motoci safe da yamma a titin Guangfu, ga tsadar gidaje a Zhubei da ta fi ƙarfin wanda ba ya cin albashin dandalin.

Kamfanin da ke zana ƙwaƙwalwa ko ƙera kayan aikinta, wanda buƙatarsa ofis ce da ɗakin gwaji da injiniyoyi, zai samu abin da ya biya har da ƙari. Mai manhaja zalla ba ya buƙatar wurin, Taipei ta ishe shi. Wanda kuma yake son babban fili da ruwa mai yawa, ya fara tambaya a dandalin Taichung ko na Tainan, inda dokar da tagar iri ɗaya ce, kuma ya nemi a rubuta masa kasonsa na ruwa da wuta kafin ya sa hannu a takardar haya.