Kafin a sayi na'urar gwajin ƙarfe: shawara daga Dahran

Wani ƙanena da ke digiri na uku a fannin ƙarafa nan Dahran ya same ni bayan isha'i. An ware wa ɗakin gwajinsu kuɗin kayan aiki, shi kuwa ransa ya biya da na'urar da ke murƙushe ƙarfe da wutar lantarki. "Yaya, ai ita ake yayi," in ji shi. Na ce masa ya zauna tukuna.

Aikinta abin sha'awa ne, ban musa ba. Ana tara wuta a cikin tarin kafasito, wato na'urorin da ke ajiye wutar lantarki, a sake ta gaba ɗaya ta jikin gwangwanin alminiyam. Ƙarfin maganaɗisu ya matse gwangwanin ta kowane gefe, ya faɗa wa ƙarfen da ke tsakiya. Na'urar Z ta cibiyar Sandia a Amurka tana sakin wutar lantarki mai ƙarfin amfiya kusan miliyan 26 tun bayan gyaran 2007. Wata irinta mai suna Atlas, wadda aka gina a cibiyar Los Alamos ta Amurka, daga baya jihar Nebada aka kai ta. Irin waɗannan sai gwamnati, domin ginin da ma'aikatan kaɗai sun lashe kasafin sashe guda, kuma kowane harbi yana cinye abin da aka ɗora a tsakiya. Ko ƙananansu ma, irin MAGPIE ta Landan, suna bukatar masu kula na dindindin.

Na tambaye shi me yake son ganowa. Ya ce yadda ƙarfen bututun mai ke ɗaukar bugu na farat ɗaya. To ai wannan sandar Hofkinsin ta ishe shi, wadda wani masani mai suna Kolsky ya inganta a 1949: guntun ƙarfe tsakanin dogayen sanduna biyu, a buga ɗaya, a auna. Ta fi sauran arha nesa ba kusa ba, ɗalibi guda zai iya gwaji da yawa a wuni. Sai dai ba ta kai matsin da ake kira girgizar gaske ba, wato matsi mai tsanani da ke ratsa ƙarfe nan take.

In ana son wannan, bindigar iska, wadda ke harba faranti ya bugi ƙarfen, ita ce tsakanin sandar da na'urar lantarkin. Mai mataki ɗaya tana jefa faranti kimanin kilomita 1 a daƙiƙa, mai mataki biyu kuwa har 7, amma ita da haidurojin ko hiliyam take aiki, kuma fito da ita daga ƙasar da aka ƙera ta sai da izini na musamman.

Inda na fi jan kunnensa shi ne ma'auni. Bugun da ba a auna ba, ƙara ce kawai. Ma'aunin gudu na laser da ake kira PDV da kayan wayar sadarwa ta gilashi ake haɗa shi, shi ya sa ya fi tsohon ma'aunin gudu na VISAR na 1972 sauƙin kuɗi. Kada kuma a manta lantarkin Saudiyya mai zagaye 60 ne a daƙiƙa, na Turai 50, a duba ko kowane famfo da injin sun dace da na nan kafin a biya.

Ya tashi da niyyar rubuta sanda da ma'auni a takardar neman kaya, bindigar kuma sai kasafin baɗi.