Jitar Bas ta Fender Precision a Wani Shagon Sabon Gari

Jitar Fender Precision, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1951, tana da amo mai kauri, kuma wadda na gwada a wani shagon kayan kiɗa da ke Sabon Gari ba ta ba ni kunya ba. Idan aka kaɗa tsirkiya da yatsa kusa da wuyan jitar, sautin yakan fito da taushi da zurfi, amma da zarar hannu ya koma ƙasa, ko aka yi amfani da 'yar robar kaɗawa, sai ya yi kaifi. Tsirkiyoyinta masu santsi sun rage ƙarar gogar yatsa sosai. Sai dai amfilifayar shagon, wato na'urar ƙara sauti, ƙarama ce, tana shaƙe amon tsirkiya mafi kauri, don haka mai saye ya nemi a haɗa masa da babbar lasifika kafin ya yi ciniki.