Zaɓen mashawarcin da zai ja ragamar aikin masana'antar magani: wa ya dace da kai?

Aikin kafa masana'antar magani, ko ɗaga tsohuwa zuwa matsayin GMP, wato ƙa'idojin haɗa magani mai inganci, yana kammaluwa ne ranar da sufetoci suka bi takardunka shafi bayan shafi suka gamsu. Gini da injuna ana iya gama su a kan lokaci, sannan masana'anta ta zauna wata da watanni ba ta fitar da ƙwaya ɗaya ba, saboda ba a rubuta shaidar gwajin injin yadda ya kamata ba, ko an gina ɗakin danne ƙwayoyi ta yadda ƙura ke bi ta farfajiya zuwa wani ɗakin. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna duk wanda ya zo neman aikin jan ragama: ya taɓa kai wata masana'anta har gaban sufeto ta haye?

Masu neman irin waɗannan ƙwararru sun ƙaru a Najeriya. Tun 2019 NAFDAC ta fito da tsarin nan na shekara biyar da biyar, wanda ke tura masu shigo da magungunan da za a iya yi a gida su koma yinsu a gida. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta sanya NAFDAC a mataki na uku na ƙwarewar sa ido, don haka binciken yau ya fi na da tsanani. A 2023 kuma kamfanin Swipha na Legas ya samu amincewar WHO a kan ƙwayar zinc, a 2024 ya ƙara da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na sulfadoxine da pyrimethamine. Wannan ya nuna wa masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Agbara cewa kasuwar manyan masu saye ta duniya a buɗe take ga wanda ya shirya.

Kafin ka gayyaci kowa, ka tsayar da abu biyu a rubuce. Na farko, me za ka yi: ƙwayoyi da kafso, ko maganin ruwa, ko allura da ruwan ƙari? Tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Mai allura yana buƙatar ɗakuna masu darajar tsafta A zuwa D da gwajin cika kwalabe da ruwan rainon ƙwayoyin cuta sau uku a jere, mai ƙwaya kuma babbar damuwarsa ƙura ce da danshi. Idan akwai dangin penisilin a jerinka, to gini daban ake musu da na'urar iska daban. Na biyu, wa zai bincike ka: NAFDAC kaɗai, ko har da WHO? Amsar nan ita ke nuna irin mutumin da kake nema da kuɗin da za ka kashe.

Manyan kamfanonin injiniya na duniya

Irin su Jacobs da Exyte da NNE suna zana masana'anta, su tsara sayen kaya, su kula da 'yan kwangila a madadinka. Ƙarfinsu shi ne suna da injiniyan iska da na ruwa da na lantarki da mai tabbatar da inganci a inuwa ɗaya, kuma tsarin takardunsu ya sha gwaji a gaban hukumomin Turai da Amurka. Da dala ko yuro ake biyansu, kuma aikin matsakaiciyar masana'antar ƙwayoyi ƙarami ne a wurinsu. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne manya ne ke zuwa zaman neman aiki, ƙanana kuma su zo yinsa. A ganinmu sun dace da mai gina wurin allura ko rigakafi, inda kuskure ɗaya a zane kan ci fiye da ladansu. Mai faɗaɗa layin sirof ba ya buƙatarsu.

Mai sayar da injuna da ya ce zai yi komai ya miƙa maka makulli

Wannan shi ne tayin da ya fi yawa, galibi daga Indiya da Sin, kuma shi ya fi jan hankali: farashi ɗaya, mutum ɗaya da za a tuhuma, bangon ɗakuna da na'urar iska da injuna duk a kwantena. Akwai nagartattu a cikinsu, kuma ga mai ƙaramin jari hanya ce mai ma'ana. Inda matsalar take shi ne idan aka bar shi ya zama shi ne mai sayarwa, shi ne kuma mashawarci. Ba a ba kura ajiyar nama. Shi zai rubuta takardar buƙatun mai aiki, wadda ake kira URS, kuma zai rubuta ta daidai da injin da yake da shi. Shi zai shirya gwajin karɓar inji a masana'antarsa, wato FAT, ya kuma zaɓi abin da za a gwada. Sai a kunna injin danne ƙwayoyi ba hoda a ciki, ya yi ta juyawa lafiya, a sa hannu. Ranar da ya iso aka zuba masa hodarka mai danƙo, nauyin ƙwayoyi ya riƙa hawa da sauka, kuɗin kuma an riga an saki mafi yawansa ta takardar lamunin banki.

Akwai kuma batun yanayi. Na'urar iskar da aka lissafa don wani gari mai matsakaicin zafi ba za ta riƙe ɗaki a Kano cikin Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙurar hunturu tana toshe matatun farko da wuri, iska ta ragu, bambancin matsin iska tsakanin ɗakuna, wanda yawanci ake so ya tsaya kan faskal (ma'aunin matsin iska) 10 zuwa 15, ya faɗi. Danshin Legas da na Kano ma ba ɗaya ba ne, kuma na Kano a Agusta daban yake da na Janairu. Mai kaya da bai nemi bayanan zafi da danshi na garinka na shekara cikakkiya ba, zanen wani wuri ya kwafo maka. Idan wannan hanyar za ka bi, ka ɗauki mutum naka na daban wanda ba ya karɓar la'ada daga mai kaya, ya rubuta URS, ya je FAT da hodar gwaji, ya riƙe ikon cewa a'a.

Ƙaramin kamfanin ƙwararru ko gogaggen mutum ɗaya

Yawanci tsofaffin shugabannin sashen inganci ne ko injiniyoyin da suka yi shekaru a masana'antun magani. Sun san abin da sufeto ke tambaya, sun san yadda ake tsara kundin neman rajistar magani mai sassa biyar da ake kira CTD, kuma ladansu da sauƙi. Ga mafi yawan matsakaitan masana'antu, a nan ne za a samu wanda zai tsaya a matsayin wakilin mai aiki. Rauninsu biyu ne. Wanda ya ƙware a inganci ba lallai ya iya riƙe jadawalin 'yan kwangila goma da lissafin kuɗi ba, don haka ka nemi ganin jadawalin wani aiki da ya riƙe da kansa. Sannan idan mutum ɗaya ne, rashin lafiya ko wani aiki mai tsoka yana iya tsayar da kai. Ka sa a rubuta wanda zai maye gurbinsa, da yawan kwanakin da zai yi a filin aiki kowane wata.

Manajan aiki daga harkar gine-gine ko man fetur

Zai zo da shaidar ƙwarewa a gudanar da ayyuka irin PMP ko PRINCE2, kuma shaidun nan na gaske ne, cibiyar PMI mai ba da PMP ma tana da rajistar da ake dubawa a intanet. Ya iya matsa wa ɗan kwangila, ya iya kama kuɗi. Sai dai shaidar ba ta koyar da GMP. Irin wannan manajan zai amince a sauya famfon ruwan da aka tace da wani mai araha mai ƙarfi ɗaya, ba tare da bin tsarin kula da sauyi ba, domin a gininsa na baya hakan daidai ne. A nan kuwa santsin cikin ƙarfen da yadda aka yi waldarsa duk abin tambaya ne. Yana da amfani sosai idan an haɗa shi da mai inganci wanda sa hannunsa ke sama da nasa a kan duk wani sauyi.

Yadda za ka gane wanda ya san aikin

Ka ba kowane mai nema tambaya ɗaya: daga ranar da injuna suka iso zuwa ranar miƙa kundin neman rajistar magani, wata nawa? Wanda ya ce wata biyu ko uku bai san aikin ba, ko yana so ya faranta maka rai. Bayan kafa inji akwai gwaji uku a jere: na tabbatar da an kafa shi daidai, na tabbatar da yana aiki cikin iyakokinsa, da na tabbatar da yana ba da sakamako iri ɗaya da kayan gaske. Su ne IQ da OQ da PQ. Na'urar tace ruwa tana da nata matakai uku bisa ƙa'idar WHO: mako biyu aƙalla ana ɗibar samfur kullum ba tare da an yi magani da ruwan ba, wani mako biyu aƙalla, sannan shekara guda ana sa ido yayin da ake aiki. Dalilin shekarar a fili yake ga duk mai rijiyar burtsatse, domin ruwan damina da na rani ba ɗaya ba ne. Daga nan sai zubi uku a jere na tabbatar da hanyar haɗi. Sai gwajin daɗewar magani: wata shida a digiri 40 da danshi kashi 75, tare da na dogon lokaci a digiri 30 da danshi kashi 75, wanda shi ne ma'aunin yankinmu. Ba kuɗin da ke gajarta wata shidan nan. Abin da gwani ke yi shi ne ya fara ruwa da ɗakin gwaje-gwaje da wuri, don kada su jira gini.

Ka kuma tambaye shi me zai faru da akwatin gwajin daɗewa idan wuta ta ɗauke da dare janareta ya ƙi tashi. Amsa mai kyau za ta ambaci batirin ajiya, da ƙararrawa, da na'urar da ke rubuta zafi ba yankewa, da takardar binciken kauce wa ƙa'ida. Ka tambaye shi ko zai kai zanen ginin NAFDAC ta duba kafin a aza tubali, da lokacin da za a nemi lasisin wuri daga Hukumar Harhaɗa Magunguna ta PCN. Daga ƙarshe ka nemi sunan masana'antu biyu da ya yi wa aiki, ka kira shugaban sashen ingancinsu, ka bar mai kamfanin. Shugaban ingancin ne ya zauna da takardun bayan mashawarci ya tafi.

Yadda ake biya

Biyan kwana-kwana ya dace da farkon aiki, lokacin binciken giɓin da ke tsakanin masana'antarka da ƙa'ida, sa'ad da ba wanda ya san girman abin. Idan aka bar shi ba iyaka, jinkiri ya zama riba ga mashawarci. Biyan kaso na jimillar kuɗin aiki shi ne mafi rauni, domin duk tsadar da ta ƙaru ladansa ya ƙaru. Mun fi son dunƙulen farashi da aka raba bisa matakai, da sharaɗin kowane mataki ya zama takarda ce da sashen ingancinka ya amince da ita: URS, babban tsarin gwaje-gwajen tabbatarwa, rahoton FAT, rahoton IQ da OQ. "An gama kashi 80" ba mataki ba ne. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, kuma a riƙe kamar kashi 10 har sai an rufe gyare-gyaren da sufetoci suka nema. Kada ka yarda da wanda ya yi maka alkawarin samun amincewar hukuma a rana kaza, domin ba a hannunsa take ba.

A cikin yarjejeniya a rubuta sunayen mutanen da za su yi aikin, kuma ba a sauya su sai da yardarka. A rubuta cewa duk zane da takardu mallakarka ne, a fayil ɗin da za a iya gyarawa, har da kalmomin sirrin kwamfutocin injuna. A sa ya bayyana a rubuce ko yana da wata alaƙar kuɗi da masu sayar da kaya. Idan kamfanin waje ne, ka duba batun yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar da ke rajistar yarjejeniyoyin fasaha da ƙasashen waje, tun farko, domin bankuna kan nemi shaidarta kafin tura kuɗin hidimar fasaha waje. A fayyace wanda ke da alhakin Form M, takardar shigo da kaya, da fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, da wanda zai biya kuɗin zaman kwantena idan ta daɗe.

Sannan ka ware ma'aikatanka biyu ko uku, injiniya da mai inganci, su zauna tare da mashawarcin daga ranar farko, su rubuta takardun aikin yau da kullum da hannunsu yana gyara musu. Ranar bincike sufeto ma'aikacin da ke gaban injin yake tambaya, kuma yana iya cewa a nuna masa yadda ake wanke injin tsakanin magani da magani, yana riƙe da takardar yana dubawa.