Hayar mota mai tanti a kai a Namibiya: hamada muka ji wa tsoro, ashe bakin teku ne zai ba mu wuya

Kwana goma muka yi ni da ƙanena a cikin motar haya a Namibiya, watan Agusta, irin motar nan da ake ɗora wa tanti a saman rufi, ita ce motar ita ce ɗakin kwana ita ce kicin. Tunda muka dawo ake tambayata ko abin ya ci kuɗinsa ko dai a hoto ne kawai yake da kyau, to bari in rubuta sau ɗaya in huta. Sunan kamfanin kam ba zan kama ba, ba talla na zo yi musu ba, ba kuma tonon silili ba.

Hilux suka ba mu mai ƙofa huɗu, dizal, da babban tankin mai, safaya biyu, firji a baya, tukunyar gas, tebur da kujeru, tankin ruwa, shebur, da ɗan injin ba taya iska. Motar kanta ba ni da abin cewa a kanta, sama da kilomita 1,500 muka yi kuma ko tari ba ta yi ba. Matsalar tun daga wajen karɓa ta faro kuma rabin laifin namu ne. Daga filin jirgin Hosea Kutako zuwa Windhoek, babban birnin ƙasar, kusan kilomita 45 ne, mun iso a gajiye liƙis, yaron da ya nuna mana kayan sauri yake kamar ana korarsa, wannan ga shi, wannan ma ga shi, ya buɗe tantin ya rufe cikin minti uku kamar wasa, mu kuma sai gyaɗa kai muke. Na sa hannu a takarda ban kunna komai na gani da idona ba. Allah ya taimaka ƙanena mai son ɗaukar bidiyo ne, ya zagaye motar da wayarsa, ni har ina masa tsiya.

A hagu ake tuƙi a can, sitiyari a dama, ranar farko duk sanda zan ba da sigina sai in ga wayifa ta tashi. Wannan kwana ɗaya ne ka saba. Abin da ya fi ba ni haushi da farko dokokin takardar ne: kar ka wuce gudu 80 a hanyar burji, akwai na'ura a motar tana lissafa maka, kar ka yi tuƙin dare a wajen gari, taya da gilas kuma ba sa cikin inshora sai ka ƙara kuɗi. Na ce wannan ai takura ce. Sai da na hau burjin na gane. Hanya ce mai faɗi a miƙe sambal ba kowa sai kai, tana ruɗarka ka taka, can sai gargada ta tare ka a kwana ka ji bayan motar yana neman riga gaba zuwa. Sau ɗaya ta yi mana haka, ƙanena ya riƙe ƙofa ya ce "Yaya don Allah 80 ɗin ma ta yi yawa", daga ranar ban ƙara musu da na'urar ba.

Tantin a cikin hamada kam wallahi ya burge ni. Ka cire murfin, ka ja tsanin, shi kenan ɗaki ya tashi, katifa da bargo duk suna ciki ba sai ka yi ta jigilarsu ba. Kana sama, ba ruwanka da kunama ko duwatsun ƙasa, ka zuge taga ka kwanta kana kallon taurari birjik kamar an watsa su. Agusta lokacin sanyinsu ne, da rana zafi da daddare sanyi mai shiga ƙashi, amma barguna biyun da suka ba mu sun wadatar. Wahalarsa ɗaya fitsarin dare, ka sauko tsanin ƙarfe mai sanyi kamar ƙanƙara cikin magagin barci. Kuma kar ka bar takalmi a gindin tsani. A Sesriem, mashigar gandun da manyan tuddan yashin hamadar suke, dila ta ɗauke wa ƙanena ƙafa ɗaya, da safe sawunta kawai muka gani, sauran tafiyar da silifas ya ƙarasa.

A Sesriem ɗin ne kuma na fara ganin aibin gida a kan mota. Waɗanda suka kwana a sansanin da ke cikin shingen gandun ana buɗe musu ƙofar ciki awa ɗaya kafin fitowar rana, kowa so yake ya riga rana zuwa tuddan yashi. Masu tantin ƙasa sai su tashi su ta da mota su bar kayansu, mu kuwa dole sai mun naɗe gida kaf a cikin duhu, tocila a baki, yatsu sun ƙage, zif ɗin murfin ya ƙi ja saboda ƙura. Minti ukun yaron nan ya zame mana minti ashirin da biyar. Haka kuma kullum, ko ruwa za ka je saye sai ka rushe ɗakinka.

Daga Sesriem zuwa Sossusvlei, filin da ke tsakiyar tuddan yashin, wajen kilomita 60 ne na kwalta, akwai tudun da ake ce wa Dune 45 a hanya, sunan daga nisansa da Sesriem ne. Kilomita biyar na ƙarshe yashi ne zalla, sai mota mai jan ƙafa huɗu. Muka rage iskar tayoyi kamar yadda ake yi, na sa giya, motar ta ratsa ba gardama. Deadvlei kuwa ban san yadda zan kwatanta ba, fili ne fari fat na busasshen laka, jajayen tuddai sun kewaye shi, ga baƙaƙen itatuwa a tsaye da suka mutu ɗaruruwan shekaru amma ba su ruɓe ba don ba danshin da zai ruɓar da su. Mun fi awa biyu a wurin.

Da muka fito kan kwalta za mu mayar da iska, injin ya yi ƙugi na minti ɗaya ya mutu. Wayarsa ashe a tsinke take an naɗe da salatif. Ga mu da tayoyi huɗu a lanƙwashe, rana ta take. Wani dattijo ɗan Afirka ta Kudu da matarsa su suka tsaya suka ara mana nasu, shi ne ma ya ce mu duba safaya tun yanzu kafin mu kama hanyar teku. Muka duba, ɗaya lafiya lau, ɗayar kuwa iskarta ba ta kai rabi ba. Ba don shi ba da mun gane kurenmu, domin washegari bayan mun wuce Solitaire, ɗan wurin nan mai gidan mai da tsofaffin motoci masu tsatsa a bakin hanya, mun ɗauki hoto a allon Tropic of Capricorn, layin nan na taswirar duniya da ya ratsa ta wurin, mun shiga duwatsun Kuiseb, sai dutse ya farke mana tayar baya. Ba sabis a waya, awa guda mota biyu kacal suka wuce. Ƙasa ce mai faɗin sama da murabba'in kilomita dubu 800 amma mutanenta kusan miliyan uku ne kawai, a irin wannan wurin kake gane ma'anar lissafin. Mun canja tayar da kanmu, jak ɗin dai ya yi aiki alhamdulillahi.

To duk shirinmu na hamada ne, ruwa jarka jarka, hula, man shafawa don rana. Ba wanda ya ce mana komai a kan bakin teku. Muna dosar Walvis Bay sai sama ta rufe, sanyi ya sauko lokaci guda, sai da muka tsaya muka ɗauko riguna. Ruwan Atlantika a wannan gefen mai sanyi ne saboda igiyar Benguela da ke tasowa daga kudu, in iskarsa ta haɗu da ta hamada sai hazo, kuma ba busasshen hazo ba, mai jiƙa kaya. Daren farko a Swakopmund muka farka rufin tantin yana ɗiga a fuskarmu, ba ruwan sama ko ɗigo, bargo ya yi sanyi, gefen katifa sharkaf. Iska kuma ta kwana tana kaɗa tantin fat fat fat, da yake a sama kake motar ma har rawa take. Da safe ba rana balle ka shanya, haka muka naɗe shi a jiƙe, da yamma muka buɗe yana warin danshi. Dare na biyu ya fi na farko muni. Na uku na ce wa ƙanena ni fa ba zan kashe kaina don hoto ba, muka kama ɗaki a gari, tantin ya kwana a rufe a kan mota muna biyan kuɗinsa. A nan ne kuma batirin firjin ya daina riƙe wuta in mota na tsaye, sai dai sanyin garin ya rufa mana asiri.

Gaɓar tekun kanta ta cancanci zuwa, kar a fahimce ni ba daidai ba. Swakopmund gari ne da Jamusawa suka kafa a 1892, gine-ginensu na nan har yanzu, teku a gaba yashi a baya. Hanyar arewa zuwa Henties Bay akwai gawar jirgin ruwan Zeila da ya kafe tun 2008, tsuntsaye sun mayar da shi gida. Gaba kuma Cape Cross, inda ɗan Fotugal Diogo Cão ya kafa alamarsa a 1486, yanzu dabbobin ruwan nan da ake kira sil ne dubbai kwance suna kuka, warin wurin kuwa sai da ya bi mu cikin mota har yamma. Hanyar gishiri ce a can, ka ganta baƙa sumul kamar kwalta amma in hazo ya jiƙa ta santsi take.

A Spitzkoppe, wasu manyan duwatsu a cikin hamada nesa da teku, tantin ya dawo hayyacinsa. Muka baje katifa da barguna a kan dutse, awa biyu komai ya bushe ƙarau, daren nan shi ne barcin da ya fi kowane daɗi a tafiyar.

Ranar mayar da mota mutanen da suka sallame mu cikin sauri sai ga su da tocila har ƙarƙashin mota. Kuɗin tayar da ta fashe na biya ba musu, yana cikin takarda. Amma da suka nuna wani ɗan tsagu a gilashin gaba suka ce mu ne, ƙanena ya ciro bidiyonsa na ranar farko, ga tsagun nan ɓaro-ɓaro, sai aka koma ba da haƙuri. Maganar injin iska da safaya da batir kuwa cewa suka yi za su duba.

In maki ne, motar tara cikin goma, tantin takwas a hamada uku a bakin teku, kamfanin biyar. Zan sake hayar irinta, amma sai na kunna injin iska na ga ya cika taya, na auna safaya biyun, na naɗe tantin da hannuna a gabansu kafin in taɓa biro, kwanakin bakin teku kuma ɗaki zan kama tun daga farko. Kuɗin ajiyar da muka bari a hannun kamfanin sai bayan sati uku ya dawo, shi ma sai da na tura saƙo sau biyu.