Ƙwayar sha ta sanyi da makero: wacce za ki saya a Kano?

In damina ta kankama a Kano, ga gumi ga danshi, ƙaiƙayi sai ya shiga gidaje. Uwa na fama da abin da muke kira sanyi, yara kuma makero ya ci musu kai. Ƙwayoyin sha da aka fi bayarwa na irin waɗannan cututtuka na fangas ba su wuce biyar ba, kuma kowacce da aikinta, ko da yake mai kemis zai miƙo miki duk wadda ya fi samun riba a kai.

Ni dai fluconazole ce tawa, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina fama kafin na san ta. Wani mai kemis a unguwarmu ya riƙa yi min haɗi a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ashe rabinsu antibayotik ne, su kuwa kashe ƙwayoyin halittar da ke kare gaban mace suke yi, kandida, wato fangas ɗin da ke kawo irin wannan sanyin, ta samu fili. Ina sha, abu na ƙaruwa. Sai da na je asibiti aka ɗebi ruwan aka gwada, likita ta rubuta min kafso ɗaya tak mai miligiram 150. Na raina shi, wallahi. Washegari ƙaiƙayin ya lafa, kwana uku na manta da shi.

Abin da ya sa guda ɗaya ke isa shi ne maganin yana daɗewa a jini, sai ya yi wajen awa 30 kafin rabinsa ya fita. Ba ruwansa da ko kin ci abinci ko ba ki ci ba, babu shafe-shafe, babu ɓata zani da dare. Wadda abin ke dawo mata sau uku ko huɗu a shekara, likita kan tsara mata ɗaya duk bayan kwana uku har sau uku, sannan ɗaya a mako tsawon wata shida. Irin wannan kuma ta sa a auna mata suga, don ciwon suga na kiran kandida.

Amma 'yar uwa, ba kowane sanyi ne na fluconazole ba. Na kandida fari ne mai kauri kamar kindirmon da ya tsinke, da ƙaiƙayi mai tsanani, ba ya cika wari. In ruwan tsararo ne mai ƙarni kamar na kifi, wannan sau da yawa aikin metronidazole ne, ko fluconazole goma kika sha asarar kuɗi kika yi. Mai ciki kuma ta bar fluconazole gaba ɗaya, a ba ta clotrimazole na matsi na kwana bakwai. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ko maganin suga irin glibenclamide, ta faɗa wa likita tukuna, don fluconazole tana ƙara musu ƙarfi a jiki.

Sauran fa? Terbinafine ta farce ce da makeron jiki, miligiram 250 kullum, mako shida in farcen hannu ne, 12 in na ƙafa ne. Griseofulvin tsohuwa ce, har yanzu tana aiki a kan makeron kan yara, amma sai an jure mako shida zuwa takwas, ana ba yaro da madara ko abinci mai maiƙo, kuma ba ta taɓa kandida ko kaɗan. Itraconazole tsada da ƙa'ida, mai ciwon zuciya ma ba ya kusantarta. Ƙwayar ketoconazole kuwa ban ga dalilin sayenta ba: tun 2013 Turai ta dakatar da ita a maganin fangas saboda lalata hanta. Man shafawarta da sabulun wanke kai ne kawai suka rage da amfani.

To, duk wannan zaɓen banza ne in jabu kika saya, kuma nan ne na fi ƙonewa. Bayan na san sunan maganin sai na ɗauka na gama. Wata rana a tasha na sayi kafso biyu wajen mai tallan magani a faranti, an yanko su da almakashi daga jikin kati, babu kwali, babu ranar lalacewa. Na sha, ko gezau. Na sake sha, shiru. Ko gari ne a ciki, ko rana ce ta dafa shi, Allah masani. Tun daga nan in ba a kwalinsa yake ba, ba na karɓa. Ina duba lambar NAFDAC, ina duba ranar lalacewa a kwali da kuma jikin katin, su zo ɗaya. In akwai wurin kankarewa, a gaban mai shagon nake kankarewa in tura lambar ta waya in jira amsa, ko ya ɓata rai. Rubutun da ya dushe, ko sunan magani da harafi ɗaya ya kauce, ajiye masa abinsa. Wanda arharsa ta yi yawa ma haka.

Ba banza ba hukuma ta matsa wa 'yan kasuwar magani ta Sabon Gari su koma cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Ki tambayi mai shagonku daga ina yake saro kaya, wanda ya san abin da yake yi ba ya jin haushin tambayar. Masu yawo da mota da lasifika suna kirarin ƙulli ɗaya na kashe sanyin shekara goma, su ma ki bar su da kirarinsu. Haka man shafawan nan masu "aiki uku" da ake haɗa wa mutum da ƙwayar: akwai sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, a cikinsu, ƙaiƙayi ya kwanta kwana biyu, makero kuma ya yi ta faɗi a ƙarƙashi.

In kin samu na gaske kina sha, musamman na makonni irin terbinafine, kika ga ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ki dakata da shi ki nufi asibiti ranar, kwalin na cikin jakarki.