OTOPLAN: manhajar auna katantanwar kunne kafin dashen na'urar ji

Katantanwar kunne, wato gaɓar can ciki mai murɗawa biyu da rabi wadda ke mayar da sauti saƙon jijiya, ba girmanta ɗaya ba a kowane mutum. Tsawon bututunta yakan kama daga wajen milimita 30 zuwa 40. Wannan bambanci ne ya sa likitan kunne, hanci da maƙogwaro ke bukatar awo kafin ya zaɓi siririyar wayar na'urar ji da zai zura a ciki don ta riƙa tayar da jijiyar ji. OTOPLAN, wadda kamfanin CASCINATION na Suwizalan ya ƙera tare da MED-EL na Ostiriya, aikinta ke nan.

Ana loda mata hotunan sikana (CT) na ƙashin kunne a tsarin DICOM, wato tsarin ajiye hotunan asibiti. Sai a juya hoton har murɗawar farko ta katantanwa ta fito sosai, a ja layi daga tsakiyar zagayayyar taga, wato 'yar ƙofar da ke gindin katantanwa, ya ratsa ginshiƙin tsakiya, ya taɓa bangon da ke ɗaya gefen. Wannan shi ne awon A, yawanci wajen milimita 9. A ja na biyu a gicciye don faɗi, sannan a auna tudu. Daga nan manhajar ke lissafa tsawon bututun, ta nuna inda kowace waya za ta tsaya da zurfin murɗawarta a digiri, ta kuma nuna irin sautin da kowane wuri ke ji bisa lissafin Greenwood, wanda ke danganta kowane wuri a bututun da kaurin sauti ko kaifinsa. Sababbin zubinta suna yin awon da kansu, amma wajibi ne likita ya duba inda ta ɗora ɗigogin. Kuskuren rabin milimita a awon A yana zama kusan milimita 2 a tsawon bututu, kuma tazarar da ke tsakanin wayoyin MED-EL biyu, FLEX26 da FLEX28, ke nan. Waya ta yi tsawo, sai ta lanƙwashe ko ƙarshenta ya rage a waje. Ta yi gajarta, sai sautuka masu kauri, waɗanda mazauninsu ke can ƙololuwa, su rasa mai tayar da su.

Inda ta fi burge mu shi ne siffar da take ginawa mai juyuwa ta kowane ɓangare. Mai tiyata yana huda ƙashin bayan kunne, ya bi ta wata 'yar kafa tsakanin jijiyar fuska da jijiyar ɗanɗano kafin ya hango tagar. Ganin faɗin wannan kafa tun a allo yana rage haɗarin taɓa jijiyar fuska, wanda kan bar mutum da karkataccen baki. Haka kuma ga yaran da aka haifa da katantanwar da ba ta gama ginuwa ba, inda ruwan ƙwaƙwalwa kan bulbulo da zarar an buɗe: an san da shi tun da wuri, an tanadi waya mai toshe ramin.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan ingancin hoto, kuma nan ne iyalai daga Damagaram suka fi yin asara. Sikanar kai ta yau da kullum, mai yanka na milimita 3 ko 5, ba ta da amfani a nan. A nemi ta ƙashin kunne takamaimai, yanka milimita 0.6 ko ƙasa da haka, kuma yaro ya kwanta ba motsi, ko da sai an ba shi maganin barci. A karɓi ainihin fayilolin a faifai ko ma'ajiyar USB. Hoton fim da aka ɗauka da salula aka tura ta WhatsApp, manhajar ba ta iya auna komai da shi.

Abu na biyu ya shafi sanƙarau, wanda ya sake aukawa jihar Damagaram a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Bayan cutar, cikin katantanwa yakan fara cika da tsoka mai tauri, daga baya ta koma ƙashi, kuma yawanci daga wajen zagayayyar taga abin ke farawa, daidai ƙofar da waya za ta shiga. Sikana tana ganin ƙashi, amma ba ta ganin matakin farko. Sai IRM (MRI), wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ke nuna cewa ruwan ciki ya ragu, ita ce kuma ke tabbatar da akwai jijiyar ji. Manhajar za ta iya ba da tsawo mai kyau ga bututun da ya riga ya fara toshewa, don haka awonta kaɗai bai isa hujja ba. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin a sallame shi ko cikin makonni kaɗan, domin toshewar ba ta jiran a gama haɗa kuɗin tafiya.

Wayoyin da take kwatantawa na MED-EL ne, saboda haka asibitin da ke dasa na kamfanin Cochlear ko Advanced Bionics zai amfana da awon ne kawai. Kuma kayan aikin likita ce, iyaye ba sa sayenta. Abin da ya kamata su tambayi mai tiyata shi ne: an auna katantanwar yaron, nawa ta kai, wace waya aka zaɓa, kuma an yi IRM?